Inda Malam Shitu Ya Bar Taragu Uku

Jawabin da Malam Jibrin Maikano, malamin lissafi, ya gabatar a taron addu'ar cikar marigayi Malam Shitu Ladan kwana arba'in da rasuwa, a zauren taron makarantarsu da ke Kiru, cikin watan Nuwamba na 1997.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai, wanda rai da mutuwa suke hannunSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Allah gafarta Malam Liman. Wakilin shugaban ƙaramar hukuma. Arɗo Sale, da jama'ar da suka rako ka tun daga bakin dajin Falgore. Shugaban makaranta da 'yan'uwana malamai. Tsofaffin ɗalibai da suka taso daga Bebeji da Tudun Wada da Doguwa. Hajiya Halima, uwargidan marigayi, da Isa, babban ɗansa, da ƙannensa. Sai kuma baƙona, wanda ni da kaina na hau achaɓa na je har rugarsa na roƙe shi ya zo: Malam Hamman, da 'yarka Habiba. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ba don na fi kowa iya magana aka tsayar da ni a nan ba. Ɗalibaina na cikin zauren nan, sun san idan na fara bayani rabin aji barci yake yi. An tsayar da ni ne saboda shekara goma sha biyu teburina na jingine da nasa a ɗakin malamai, kuma saboda ya bar mini wasiyya. Wasiyyar ba ta da daɗin ji. Zan zo kanta, amma ku bar ni in fara da mutumin da muka sani.

Malam Shitu ya zo mana a farkon 1985, malamin aikin katako da zanen gini. Mun ji cewa da can ma'aikacin reluwe ne, mai kula da wata ƙaramar tasha da ba ta da nisa da nan, kuma shi da kansa ya ajiye aikin. Mun yi mamaki. Wa yake barin hula da kaki da gidan gwamnati ya zo ya shaƙi ƙurar alli? Da muka tambaye shi sai ya ce ya gaji da ƙarar jirgi, mu kuma muka bar maganar a nan.

Ya kasance mutum mai mayar da abu inda ya ɗauko shi. A ɗakin aikinsa kowace guduma da kowane zarto an zana siffarsa da fenti a jikin bango, ta yadda ko makaho ya shafa zai san abin da ya ɓace. Ya kasance idan famfon burtsatsen unguwa ya lalace, kafin a gama shawarar wa za a kira, an gan shi a gindinsa da sifana, rigarsa a rataye a reshen darbejiya. Ya kasance duk ranar kasuwar Yako, sai ya tsaya a bakin titi da wata tsohuwar jar tuta, yana tsayar da motoci tsofaffi da masu kaya a kai su tsallaka. Ba wanda ya sa shi, kuma direbobi sun zage shi har suka gaji suka koma gaishe shi.

Ya kasance kuma mutum ne da ba ya ɗaga murya. Ku da ya koyar, ku shaida. Ko yaro ya kusa kai yatsa bakin zarto, Malam Shitu ba zai yi tsawa ba, sai dai ka ga ya isa wurin ya riƙe hannun. Mun sha yi masa tsiya a kan haka. Na taɓa ce masa, “Malam, kai ko gobara ta tashi raɗa za ka yi mana.” Ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa. Mu a lokacin mun ɗauka haƙuri ne aka haife shi da shi.

Duk wanda ya shiga ɗakin aikinsa ya san teburin jirgi. Wani faffaɗan katako ne da ya shimfiɗa wa layin dogo na waya, da tasha ta kwali, da taragu na gwangwanin kifi masu ƙafafun marfin kwalba. A jikin katakon akwai ƙananan alamomi na farin fenti, kowane tarago da inda yake tsayawa. Yara su yi wasa iya son ransu, amma kafin a kaɗa ƙararrawa sai kowane abu ya koma kan alamarsa.

A 1992 ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta kawo wa makaranta kwamfuta guda ɗaya, wadda wani ofis a Kano ya gama yayinta. Mu malamai muka zagaye ta muna kallo, kowa na tsoron ya taɓa ta lalace a hannunsa. Malam Shitu ne ya ɗauki littafin da ta zo da shi, ya shafe hutun damina guda yana fama da shi. Da aka dawo, ya kira mu ya nuna mana abin da ya yi. Ya rubuta wa na'urar umarni, layi bayan layi, har ta zana teburin nan nasa a fuskarta. Taragu suka zama 'yan akwatuna masu tafiya. Ka gaya mata gangaren ƙasa da nauyin kaya, ita kuma ta nuna maka inda kowane tarago zai kai bayan sakan kaza.

Sai dai na'urar mantuwa gare ta. Da zarar ka sake ta taragu sun motsa, ta manta inda suka faro. Idan kuma aka ɗauke wuta, komai ya tafi. Don haka abu na farko da ya koya mata shi ne abin da ya kira mafari. Kafin a motsa komai, sai ka danna A, wato ajiye, ta rubuta a faifai inda kowane tarago yake tsaye da inda aka karkata kowace hanya. Idan an gama gwaji, sai ka danna M, wato mayar, nan take kowa ya koma mazauninsa kamar ba a yi komai ba. Dokarsa ga ɗalibai ɗaya ce: ka ajiye kafin ka taɓa, ka mayar kafin ka tashi. Na ga wasunku suna gyaɗa kai. Na san akwai mai gyaran rediyo a Tudun Wada da har yau yake jera sukurori a kan takarda saboda wannan doka.

Amma akwai faifai ɗaya da ba na ɗalibai ba. Ya manna masa jan kyalle, ya rubuta “Laraba” a kai. Bayan an tashi, tsakanin azahar da la'asar, idan akwai wuta, shi yake sakawa. Wata rana na koma ɗaukar hulata na same shi a kai. Na ga taragu uku, da ɗigo biyu, ɗaya a bakin ofishin tasha, ɗaya yana tahowa wajen layi. Na ce, “Malam, wannan ɗigon kuma wane irin jirgi ne?” Ya ɗora yatsa a kan ɗigon. Sannan ya ce, “Ba jirgi ba ne. Sunanta Baturiya.”

Malam Hamman, ka gafarce ni. Zan faɗi abin da ka fi kowa sani, don akwai waɗanda ba su sani ba.

Wata safiyar Laraba cikin kakar 1984, an ajiye taragu uku cike da tsakuwa a saman gangare, can gaba da tashar da Malam Shitu ke kula da ita. Birkinsu ya saki. Ba su da kan jirgi, don haka babu usur, babu hayaƙi, sai suka fara gangarowa a hankali suna ƙara gudu. A daidai lokacin Baturiya, matar Malam Hamman, ta taho da ƙwaryar nono a kanta za ta tsallaka layi ta shiga tasha, kamar yadda ta saba kowace safiya. Ɗakin ajiyar kaya ya tare mata gani. Malam Shitu yana bakin ofis, ya hango taragun, ya hango ta, ya ruga wajenta yana ihu. Taragun suka riga shi.

An kafa kwamiti. Kwamiti ya rubuta cewa mai kula da tasha ya yi iya ƙoƙarinsa, matar ce ta ƙi jin gargaɗi. Daga nan maganar ta shiga kasuwa, kuma kun san abin da kasuwa take yi wa magana. Aka ce ta tsaya tallabar ƙwaryarta ne, ta fi son nono da ranta. Na ji wannan maganar da kunnena a bakin mutanen kirki, wasu suna cikin zauren nan. Ni ma na taɓa maimaita ta, Allah ya yafe mini. Habiba tana da shekara shida a lokacin, kuma da wannan gorin ta girma.

Abin da ke cikin faifan Laraba shi ne wannan safiyar, sakan arba'in kafin abin ya faru. Ba da ka ya zana ta ba. Ya koma tashar sau da yawa da igiyar awo, ya auna daga inda taragun suka tsaya zuwa matsallaka, daga bakin ofis zuwa matsallaka, daga bakin ofis zuwa ƙarfen da ake ja a karkatar da jirgi zuwa mataccen layin da ya ƙare a tulin yashi. Ya ari agogon malamin wasanni ya auna gudun kansa. Hajiya Halima, ke kika ɗauki ƙwarya cike da ruwa kika yi ta kai da kawowa a tsakar gida yana auna tafiyarki, maƙwabta suna leƙe ta katanga suna cewa malamin katako ya fara taɓuwa. Duk ya rubuta a wani littafi mai baƙin bango, sannan ya zuba wa na'ura.

Ya ce mini, “Zauna ka gani, kai ne mai lissafi.” Ya danna M. Ya tura ɗigonsa wajen ƙarfen canjin hanya. Ya isa, taragun suka karkata suka nutse a yashi, ɗigon Baturiya ya wuce. Ya sake danna M. Wannan karon bai motsa ɗigonsa ba sam, ya bar shi tsaye a bakin ofis. Baturiya ta hau layi, ta sauka, taragun suka wuce ta bayanta da tazarar sakan huɗu. Ya sake danna M, ya yi abin da ya yi a ranar. Ɗigonsa ya ruga wajenta, nata ya hau layi ya tsaya cak.

Na ce, “To me ya tsayar da ita?”

Ya ce, “Ni. Ce mata na yi, ‘Ke mai nono, tsaya!’ Lokacin da muryata ta kai gare ta, ta riga ta shiga tsakanin ƙarafa biyu. Malam Jibrin, mace mai ƙwarya a kai ba ta waiwaye da wuya. Sai ta tsaya, ta juyo da jikinta gaba ɗaya. Ta juyo tana kallona, ta ba taragun baya. Ba ƙin ji ta yi ba. Ji ta yi, ta kuma bi abin da na ce.”

Jama'a, tun daga ranar na daina yi masa tsiya a kan raɗa.

Shekara biyu ina kallonsa yana wannan abu. Ya danna M, ya gwada, ya danna M. Yana neman wata hanya da lissafi zai ce masa babu yadda za ka yi, lissafi kuma ya ƙi. Ya rame, hular da ke kama kansa ta fara faɗowa kan kunne. Na gaya masa ƙaddara ce, ya ce ya yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta ce matar ta ƙi ji ba, mutane ne suka faɗa.

A nan ne nawa laifin ya shigo, kuma tunda ranar faɗin gaskiya ce, ba zan tsallake kaina ba. Wata ranar Alhamis ya tafi jana'iza Bebeji ya bar mini ɗaya daga cikin makullan ɗakin. Na saka faifan Laraba. Na matso da taragun yadi ashirin kusa da matsallaka, na danna A. Na yi lissafina da kyau: da wannan sabon mafari, ko ya je wajen ƙarfen ba zai isa ba, ko ya yi shiru ba za ta tsira ba. Na so ya ga haka ya samu ya ci abinci. Na yi ne don ƙauna, kuma ƙarya ce.

Ranar Litinin na laɓe a bakin taga. Ya danna M, ya tura ɗigonsa wajen ƙarfe, taragun suka riga shi. Ya sake, suka sake riga shi. Wallahi na ga kafaɗunsa sun sauka, na ga ya rufe fuska da tafin hannu, na ce alhamdulillahi. Bai fi minti biyu a haka ba. Sai ya jawo baƙin littafin nan, ya buɗe, ya bi lambobin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya gyara, ya danna A. Da ya fito ya gan ni, bai yi fushi ba. Cewa ya yi, “Malam Jibrin, na gode. Amma ba a nan suka tsaya ba.” Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya, kuma bai karɓe makullin daga hannuna ba.

Za ku ce, to me ya hana shi faɗa tun yana da rai? Ba zan yi masa kwalliya ba, don shi ma bai yi wa kansa ba. Tsoro ne da kunya. Sau uku yana shiga mota zuwa Falgore, inda iyalan Baturiya suka ƙaura bayan rasuwarta, ya sauka ya bi hanyar daji a ƙafa har rugar Malam Hamman, da niyyar ya faɗa. Sau ukun ana shimfiɗa masa tabarma, a dama masa fura, a tara yara a ce, “Ku gai da mutumin da ya yi gudu don ya ceci innarku.” Sai ya sha furar ya dawo. Malam Hamman, man shanun da kake aiko masa duk shekara, bai taɓa kai shi baki ba. Hajiya Halima na nan, ita take rabar da shi ga maƙwabta. Ya ce ba halalinsa ba ne.

Kwana uku kafin rasuwarsa na je duba shi a asibiti da hantsi. Ya sa aka ɗaga shi zaune, ya ba ni littafin, ga shi a hannuna. Ya ce, “A kasuwa aka ɓata sunanta, a gaban mutane za a wanke shi. Ni na kasa. Idan sun taru domina, ka faɗa musu, kuma ka tabbata Hamman na wurin. Kada ka matsar da komai a wannan karon.”

Isa, ɗana, na san ranka bai so ba. Ka zo gidana ka ce, “Baba Jibrin, mutum ya mutu da mutuncinsa, me ya sa za ku tone shi?” Ban ga laifinka ba, ɗa na gari ne yake faɗin haka. Na kwana biyu ina tunanin in bi taka. Mahaifiyarka ce ta raba gardamar. Ta ce, “Ni na ɗauki ƙwaryar nan a tsakar gida har wuyana ya ƙage. Na san abin da ya auna. Ka faɗa.” Isa, mahaifinka ba mugu ba ne. Mutum ne da ya ga rai cikin haɗari, ƙafarsa ta kai shi wajen ran maimakon wajen ƙarfe, bakinsa ya furta kalma ɗaya da ba ita ba ce. Ko ni ne, ko kai ne, ba mu san abin da za mu yi a cikin sakan arba'in ba. Laifin da ya ɗora wa kansa shi ne shirun shekara goma sha uku, kuma yau ya ƙare.

To, ga wasiyyar, da bakina a madadin nasa, a gaban wakilin Hakimi da Liman da Arɗo. Baturiya matar Hamman ba ta ƙi jin gargaɗi ba. Ba ta tsaya don ƙwarya ba. An ce mata ta tsaya, ta tsaya. Duk wanda ya taɓa faɗin waccan magana, ya je ya warware ta a inda ya faɗe ta. Habiba, ki ɗaga kanki. Mahaifiyarki mace ce mai jin magana, kuma mu mutanen wannan ƙasa mun zalunce ta da bakinmu.

Malam Hamman, Malam Shitu yana roƙon ka yafe masa, ihun da shirun duka. Ba na neman amsarka a yau, kuma kada kowa ya matsa maka don ganin idon jama'a. Haƙƙinka ne. Idan ka ga dama ka yafe a ranar da zuciyarka ta yarda, idan ba ka iya ba, babu mai zarginka a cikinmu.

Saura abu ɗaya. Bayan an yi sadakar bakwai, shugaban makaranta ya ce in buɗe ɗakin aikin in ga abin da ke ciki. Kowace guduma na kan zanenta. A kan teburin katako, taragun gwangwani uku na zaune a kan farin fenti. Faifan Laraba na cikin na'ura. Da na kunna, sai na tuna abin da na daɗe ina gani ban kula ba. Duk tsawon shekarun nan, komai sauri, ko an kira salla, ko janareto na shirin mutuwa, Malam Shitu bai taɓa tashi daga gaban na'urar ya bar gwajin a ƙarshensa ba. Sai ya danna M tukuna. Na ɗauka dokarsa ce kawai yake bi. Da na buɗe shafin ƙarshe na littafin nan na ga abin da ya rubuta: “Kada a kashe ta tana kan layi.”

Haka na same ta, haka kuma na bar ta. Taragu uku na tsaye a saman gangare. Shi yana bakin ofis bai buɗe baki ba. Baturiya na gefen layi da nononta a kai, saura taku goma sha ɗaya.

Muna godiya ga duk wanda ya baro gonarsa da shanunsa da shagonsa ya zo, da matan unguwa da suka yi girki, da shugaban makaranta da ya ba mu wannan zaure. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, Kai ne Ka san inda kowa ya tsaya da abin da kowa ya nufa. Ka jiƙan bawanKa Shitu ɗan Ladan, Ka yafe masa abin da ya faɗa da abin da ya kasa faɗa, Ka haskaka kabarinsa. Ka ba Halima da 'ya'yanta haƙuri. Ka sanyaya zuciyar Hamman da Habiba. Ka yafe mana abin da harsunanmu suka ɗauka. Allah gafarta Malam Liman, idan za ka ɗaga hannu, ina roƙo ka fara da wadda ta riga shi tafiya, wadda shekara goma sha uku ba mu taɓa taruwa mun yi mata addu'a ba. Sunanta Baturiya.